Saura Kwana Tara

Ina tsaye a bakin zaurenmu, na riƙe hannun Safiya gam, Mudassir yana goye a bayana, lokacin da ɗaya daga cikin ƙaurayen unguwarmu ya fizge ƙullin kayan wata mata mai ciki ya cilla wa ɗan'uwansa. Su bakwai ne ko takwas a gindin ganuwa, inda suka mayar wurin zamansu. Su ne 'yan siyasa suka yi ta yawo da su a bayan motoci lokacin kamfe, da gora da adda, da aka rantsar da farar hula kuma aka manta da su a lungunmu na Ƙofar Guga. Har lokacin wasunsu da rigunan jam'iyya a jiki, sun koɗe.

Matar ba ta bi kayanta ba. Ta dafa ganuwa da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙasan cikinta, sai na ga zanenta ya jiƙe har ƙafa. Haihuwata biyu, na san abin da nake gani. Faya ce ta fashe.

Gaskiya zan faɗa, ban fita ba. Na ja Safiya baya, na sa ƙafa na tare ƙyaure. Abin da ke raina shi ne maigidana yana sakatariya inda yake aikin akawu, ni kaɗai ce da yara biyu, kuma waɗannan mutanen in suka ga fuskarka sau ɗaya ba sa mantawa.

Sai ƙofar da ke kallon tamu ta buɗe. Gwaggo Furera ce, ungozomar unguwa, da butarta a hannu za ta yi alwalar la'asar. Gajeriyar tsohuwa ce, ta haura saba'in, ƙafafunta sun kumbura har ta yanke bakin silifas ɗinta don su shiga. Ta dubi gindin ganuwa, ta ajiye butar, ta nufe su. Sau biyu tana tsayawa a hanya tana mayar da numfashi.

"Ɗanladi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ɗanladi shi ne babbansu, ƙaton mutum mai tabon sara daga kunne zuwa haɓa.

"Gwaggo, wasa muke da ita. Baƙuwa ce, tambaya take."

"Wasa. Kai da ka zo duniya ta ƙahwa, na yi kwana biyu durƙushe gaban uwarka, ka hito ba numfashi sai da na hura maka hanci da bakin nan nawa. Yau kai ne mai wasa da mai naƙuda? Aje gorar nan ka kama ta."

Wani a cikin yaransa ya tuntsire da dariya, Ɗanladi ya juya ya dube shi, dariyar ta maƙale. Amma ya ajiye gorar. Shi da wani suka tallabo matar har zauren Gwaggo, wanda ya fizge kayan ya biyo su da ƙullin a rungume kamar an ba shi ajiya. A zaure suka tsaya, don maza ba sa wuce nan. Gwaggo ta juyo ta kalli ƙyaurenmu, daidai tsagar da nake leƙe.

"Ramla, na gan ki. Kai ɗiyan nan ɗaki ki zo."

Na kai Safiya wurin maƙwabciyarmu ta baya, na zari sabuwar reza daga cikin na askin maigidana, don ban yarda da wadda ke cikin gwangwanin Gwaggo ba, na tsallaka. Kafin a kira magariba matar ta sauka. Mace ce, ƙarama ƙwarai amma da murya. Gwaggo ta karɓi rezar daga hannuna, ta yanke cibiya, ta ɗaure, hannunta ko rawa bai yi ba, alhali numfashinta kamar ana jan zarto.

Sunan matar Hajara. Daga wani ƙauye take can gaba da Kaita. Mijinta Audu ya shigo birni da rani yana kabu-kabu, wata huɗu ke nan ba shi ba saƙo. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, gidan mijin kuma abinci ya yi wuya, ana ta yi mata gori. Da ta ga watanta ya tsaya sai ta ɗaure kayanta ta hau mota. Duk abin da ta sani game da inda yake kalma biyu ce, Ƙofar Guga. Ta zaci in ta zo ta ce Audu mai mashin, za a nuna mata gida, kamar yadda ake yi a garinsu.

Washegari da sassafe na tarar Gwaggo ta ɗora babbar tukunyar ƙarfe a murhu, ta aika an saro mata ganyen bedi, wato darbejiya. Wankan jego za ta fara mata, safe da yamma, har kwana arba'in, yadda ake wa kowace 'yar gida.

Na ja ta gefe na faɗa mata abin da na kwana da shi. Na ce ba mu san matar nan ba, ba mu san danginta ba. In wani abu ya same ta ko jaririyar, mu za a kama. Na ce a kai ta asibiti, ko a gaya wa hukuma, su suka san yadda ake yi da irin wannan. Na ce kuma ita kanta Gwaggo ba lafiya gare ta ba, ga damina, itace duk a jiƙe, hayaƙin kaɗai ya ishe ta. Ta saurare ni har na gama tana gyara wuta.

"Ke da kika haihu, ina kika tahi?"

"Gida, Gwaggo. Ƙofar Kaura."

"Wa ya yi maki wanka?"

"Innata."

"To ita ina gidan? Miƙo min maficin can."

Na miƙa mata.

A kwana na uku Yahaya ya zo da Mai Unguwa. Yahaya ɗan ƙanen marigayi mijin Gwaggo ne, gidan kuma gadonsu ne, an bar ta ne ta ƙarasa kwananta a ciki. Tun da abokinsa ya ci kansila ya fara sa babbar riga, ana kuma cewa yana so ya fasa zauren ya yi shaguna. Ina tsakar gida ina tace kunun kanwa, ina jin su. Yahaya ya ce gari ya ɗauka, ana cewa an ajiye mace da ɗiyar da ba a san ubanta ba, a gidan da sunan ubansu ke kai. Ya ce yanzu ba lokacin soja ba ne, komai da tsari, baƙo sai an san daga inda ya fito. Yawancin abin da ya faɗa ni ma na faɗa, sai dai a bakinsa na ji bai yi mini daɗi ba.

Gwaggo ta kau da kai daga gare shi. Mai Unguwa ta fuskanta.

"Ranka ya daɗe, kai ne babba. A garin nan ka taɓa jin an hidda mai jego da ɗanyen jiki kahin ta yi arba'in?"

Tsohon ya ce shi dai tun tasowarsa bai taɓa ji ba.

"To a bar min ita ta yi arba'in a ɗakina. Ranar da ta cika ku dawo mu yi magana."

"Arba'in," in ji Yahaya. "Na ji, Gwaggo. Ko kwana ɗaya babu ƙari."

Da suka tafi ta shigo ta zauna a kan turmi, ta daɗe kafin numfashinta ya daidaita. Ta ce mini kwana arba'in ba kaɗan ba ne. A cikinsu ana iya ganin mijin, in ba a gan shi ba jikinta ya yi ƙwari, jaririya ta yi nauyin goyo, duk inda za ta da ƙafarta za ta je. Amma in aka fitar da ita yau, titi za ta koma, kuma ta san abin da titi ke yi wa mace mai ɗanyen jiki.

Itace da ruwa su ne wahalar, don famfonmu ya fi wata bai kawo ba. Gwaggo ta aika aka kira mata Ɗanladi, ta ɗora masa. Kullum da safe sai ka ga ƙauraye a jere da garewani daga rijiyar masallaci, wasu da itace a ka. Rana ta biyu suka kawo wasu busassun sanduna masu kyau, duk tsawonsu ɗaya. Gwaggo ta juya ɗaya a hannu ta tambayi dannin gidan wa suka cire. Aka yi ta kallon ƙasa. Ta ce su mayar su kafa yadda suka gan shi, ba za a yi wa mai jego wanka da wutar sata ba. Daga ranar bayan gari suke fita su saro, ɗanye da jiƙaƙƙe, mu yi ta fama da hayaƙi.

Ni abin bai kwanta mini ba. Mutanen da nake rufe ƙofa in na hango su, ga su kullum a bakin zaurena. Ranar da na ji Safiya ta ce wa Ɗanladi Kawu, na ja ta ciki na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba. Na daina barinta ko leƙe. Amma ni kullum ina gidan Gwaggo, don na ga in ban ɗauke mata tukunya ba ita za ta ɗauka.

Ban taɓa ganin mai aiki irinta ba. Za ta tsoma damin ganyen a ruwan zafi, ta ɗaga, ta kaɗa sau ɗaya, ta bi jikin Hajara daga kafaɗa zuwa baya zuwa cinya, tana yi tana mata hira don kada ta ji zafin. Turiri ya rufe su duka biyun, ba abin da nake ji daga waje sai tarinta. In an gama ta zauna ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, ta kwantar da jaririyar a kai ta wanke ta, ta gasa mata cibiya da tsumma mai ɗumi. Na taɓa gaya mata a asibiti sun hana yawan kanwa a kunun mai jego. Na zaci za ta yi mini tsiyar 'yan boko. Sai ta ce ta riga su sani, ta ga matan da kanwa ta kumbura, shi ya sa nata ɗan kaɗan take sawa, don launi da ɗanɗano.

Ranar suna liman ya raɗa a zauren Gwaggo. Hajara ta ce a sa sunan mahaifiyarta, Halimatu, muka riƙa kiranta Ummi. Ba rago, wani mahauci da Gwaggo ta karɓi haihuwar 'ya'yansa tara ya aiko da ɗan akuya. Ƙauraye suka zauna a bayan sahu, aka miƙa musu goro kamar kowa.

Ɗanladi ne kuma ya bi tashoshin 'yan kabu-kabu ɗaya bayan ɗaya, daga Ƙofar Guga har Ƙofar Marusa. A kwana na ashirin ya kawo labari. An san Audu. Wanda ya ba shi mashin ya karɓe abinsa tun kafin zaɓe, shi kuma ya bi wata motar shanu zuwa Ikko, ba wanda ya san unguwar da ya sauka. Gwaggo ce ta gaya wa Hajara, bayan wanka, bayan ta tabbatar ta sha kununta. Hajara ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dai tambaya ko Ikko ta fi Katsina girma.

Daga nan jikin Gwaggo ya fara ƙi. Kumburin ya hau har gwiwa. Ba ta iya kwanciya sai a jingine. Maigidana ya samo mota muka kai ta asibiti da ƙyar, likita ya ce zuciya ce, a ba ta gado. Ta ce masa tana da mai jego a gida, ya rubuta magani, in an yi arba'in za ta dawo ya yi yadda ya ga dama da ita. Ya dube ni, na dube shi. Muka dawo da ita da ƙwayoyi a leda.

Tun daga kwana na ashirin da shida ni ke yin wankan. Ita tana bakin ƙofar ɗakinta a kan tabarma, an tara mata matasai a baya, tana ba da umarni.

"Ramla, ba shafa mata mai na ce ki yi ba. Sa hannu. Ke Hajara, daina noƙewa, wadda naƙuda ta kama gaban ƙauraye mi ya rage ta ji tsoro?"

Hajara ta yi dariya a cikin turiri. Ranar na fara jin dariyarta.

Safiyar kwana na talatin da ɗaya an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Na gama wankan, Hajara ta shiga ɗaki shayarwa. Gwaggo ta yafuto ni. Leɓenta ya yi duhu, maganarta guntu-guntu.

"Yau nawa?"

"Talatin da ɗaya, Gwaggo."

"Saura tara. Ba ni kaiwa."

Na fara cewa ta daina irin wannan magana, ta ɗaga hannu.

"Bar wannan, ba mu da lokacinta. Yahaya da ni ya yi alƙawari, in ba ni, babu shi. Ba ni ce maki ki ɗauke ta ba. Kina da miji, kina da ɗiya, na san tsoronki, kuma tsoron uwa ba laihi ba ne." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Amma ko wa zai yi, ki hwaɗa mashi. Ruwan ya tahasa sosai, sannan a bar shi ya ɗan huce. Ganye sabo kullum. Nononta na hagu yana mata ciwo, kunya ta hana ta hwaɗi, a riƙa gasa mata."

Na ce to. Ta ce in je in duba girkina, tana jin ƙauri daga nan.

Da gaske wakena ya kama. Ina cikin juye shi a wata tukunya na ji muryar Hajara ta katanga, ba ihu ba, tana maimaita kalmar shahada a hankali, tana sakewa, kamar mai koya wa yaro. Na saki ludayin. Kafin in tsallaka lungun an gama. Tana jingine yadda na bar ta, Hajara ta riƙe mata hannu, Ummi tana barci a gefen cinyarta.

Bayan azahar aka yi mata sutura. Ƙauraye ne suka haƙa kabarin, ba wanda ya sa su. Maigidana ya ce ya ga Ɗanladi a bakin rijiyar masallaci yana alwala, ya aro wata riga da ta yi masa kaɗan, kuma tun daga ƙofar gida har maƙabarta bai yarda ya saki ƙafar makara ba, ana ta karɓa-karɓa shi yana nan. Ya ce sahu ya kai har bakin kududdufi. Da mahauta, da malaman makaranta, da wani mai babbar mota da ba wanda ya san shi a unguwar, ya ce a hannunta aka haife shi.

Da yamma gida ya cika da mata 'yan zaman makoki. La'asar ta yi, ta wuce. Na ga Hajara a lungun ɗaki ta haɗa kai da gwiwa, na ga murhu a kashe. Ba wanda ya tuna, ko kuma an tuna ana ganin bai dace ba a hura wutar wanka a gidan mutuwa. Na tashi na ɗora tukunya. Mata suka bi ni da kallo, na ji ana ƙus-ƙus. Wata tsohuwa daga cikin ƙawayen Gwaggo ta ce a ƙyale ni, da mai gidan za ta iya magana da tuni ta zage mu a kan jinkiri.

Ranar addu'ar uku, da maza suka shafa fatiha aka watse, Yahaya ya aiko a gaya wa baƙuwa gobe da safe zai rufe gidan. Bai yi rashin mutunci ba. Ya ce zai sa a kai ta tasha a sa ta a motar garinsu. Da aka tuna masa arba'in, ya ce da Gwaggo ya yi magana, kuma ba zai bar baƙuwa ita kaɗai a gidan da ba kowa ba, ƙauraye na shiga da fita. Mai Unguwa ya ce a nan kam ba shi da ta cewa.

Hajara ta ɗaure kayanta a ƙullin da ta zo da shi. Na tambaye ta wurin wa za ta a garin nasu. Ta ce za ta gani in ta je.

Da na koma gida Safiya ta gaya mini ta jiyo ta zaure Kawu Ɗanladi yana cewa gobe in Yahaya ya zo da kwaɗo sai an ɗauke shi a kwance. Na sa mayafi. Shekara uku ina lungun nan ban taɓa taka gindin ganuwa ba sai ranar. Suna zaune, warin abin da suke sha ya cika wurin. Na gaishe su, suka amsa a daburce. Na ce wa Ɗanladi in aka zubar da jini a ƙofar Gwaggo kwana uku da binne ta, Hajara za a fara kamawa, kuma sunan Gwaggo za a ɓata. Ya ce to a zuba ido a jefar da ita? Na ce ya ba ni zuwa safe. Na faɗi haka ban san abin da zan yi ba.

Da maigidana ya dawo daga masallaci na ajiye masa tuwo, na zauna, ban tashi ba kamar yadda na saba. Ya gane. Ya ce kada ma in fara. Ya ce ba mu san asalinta ba. Ya ce ɗaki biyu gare mu, na bayan ma buhunan gawayi ne a ciki. In mijin ya dawo ya ce mun ɓoye masa mata fa? In jaririyar ta mutu a hannunmu fa? Ga yaranmu, ga waɗannan mutanen da za su dawo ƙofarmu da itace.

"Malam, duk abin da ka faɗa ni na fara faɗa wa Gwaggo, tun ranar farko. Har yau ban ce ƙarya ba ne."

"To?"

"To na yi mata wanka kwana takwas da hannuna. Na san inda ke mata ciwo. Ba zan iya sa ta a mota gobe in dawo in ba Mudassir nono kamar ba abin da ya faru ba."

Ya ture kwanon gefe.

"Saura kwana nawa?"

"Bakwai."

"Bayan bakwai ɗin fa?"

"Ban sani ba, Malam."

Bai ce e ba. Ya wanke hannu, ya tashi ya shiga ɗakin baya, na ji yana jan buhunan gawayi zuwa zaure.

Da safe Yahaya ya zo da kwaɗonsa ya tarar ba wanda zai kai tasha. Mun lulluɓe Hajara da babban zane har ka, tunda mai jego ba ta fita, na rungumi Ummi, muka tsallaka. Taku bakwai ne daga ƙofar Gwaggo zuwa tamu. Ƙauraye suna tsaye daga nesa, hannunsu ba komai. Yahaya ya datse gidan, ya gaishe da maigidana, ya tafi.

Kwana bakwai ɗin nan na yi su yadda aka ce mini. Ruwa ya tafasa, ya ɗan huce. Ganye sabo. Na gasa mata inda ke ciwo har ya saki. Itace a bakin zaure ake ajiye shi, na ce kada wanda ya buga mini ƙofa, ba kuma wanda ya buga. Safiya har yanzu ban bar ta ta fita ba. Maigidana bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, amma kullum ina ƙirga kwanakin, ban kuma san abin da zan ce masa ranar da suka ƙare ba.

Ranar arba'in muka yi wankan ƙarshe da hantsi. Na yi mata kitso, na sa mata lalle, na ciro atamfata ta biyu a kyau na ba ta. A al'ada ranar ce mai jego ke goya jaririnta ta fita yawon arba'in, ta bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya a ga ɗa, a sa albarka. Hajara ta gama shiri ta tsaya a tsakar gida da goyo, sai ta ce ita wurin wa za ta? Na ce ta fara da gidan mahauci, daga nan gidan liman, daga nan duk ƙofar da ta gani a buɗe a lungun nan.

Maigidana yana zaure yana goge takalmi zai koma ofis. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba, sannan ya yi magana da ni.

"Ki ce mata ta dawo kahin magariba, hadari na haɗuwa. Ɗakin nan nata kuma yana yoyo ta kusurwa, ran Asabar zan kira mai gyara."

Na ce to. Ban yarda na dubi Hajara ba, don na san in na dube ta duk mu biyun za mu ji kunya a gabansa.

Na raka ta bakin zaure. Na nuna mata gidan mahauci da hannu, can ƙasan lungu. Ta gyaɗa kai, amma ba can ta fara nufa ba. Ta tsallaka zuwa ƙofar da ke kallon tamu, ta tsaya gaban kwaɗon. Ta yi sallama a hankali. Ta kwance goyon, ta juyo da Ummi ta fuskanci ƙyauren, ta gyara mata hula. Ta ɗan jima a haka, kamar yadda ake jira in an san mai gidan tana da nauyin tasowa.